Ga ƙanena mai son karatun gano guba a ruwa

Assalamu alaikum ƙanena, ya mutanen gida? Na ga saƙonka. Ka ce ka gama digiri a fannin sinadarai a Jami'ar Bayero, kana son tahowa Ingila ka yi bincike kan ƙananan na'urorin lantarki masu gano dalma da ire-irenta a ruwa, kana tambaya ko fannin zai kai ka wani wuri. Zai kai ka, kuma Kano ta fi ƙasar nan buƙatarsa nesa ba kusa ba.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ɗan falle ne da bai kai tsawon yatsa ba, an buga masa layukan kabon, sai a ɗiga ruwan a kai. Da farko a saki lantarki ya janyo ƙarfen da ya narke a ruwan ya manne a jikin fallen, sannan a riƙa sauya ƙarfin lantarkin a hankali har ƙarfen ya saki. Ƙarfin lantarkin da ƙarfen ya saki a kai shi ke nuna ko dalma ce ko kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, tsayin alamar da na'urar ta nuna kuma ya nuna yawanta. Da can da zaiba ake shafe fuskar da ƙarfen ke mannewa, ita kanta guba ce, tun wajen shekarar 2000 aka fara komawa wani ƙarfe mai ƙarancin guba da ake kira bismut. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce maikurogiram 10 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a lita guda ta ruwan sha, kadmiyam kuwa 3, kuma na'ura mai kyau tana iya ganin wannan. Babbar na'urar ɗakin gwaji tana son iskar argon da wutar da ba ta yankewa, wannan kuwa batir ya ishe ta. Ka tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 dalma ta kashe.

Amma ga inda nake so ka buɗe ido. Yawancin ɗalibai a nan da tsabtataccen ruwan kwalba suke gwaji, su zuba dalma da hannunsu, sakamako ya fito tsaf. Ruwan kogin Jakara ba haka yake ba. Akwai maiƙo, sabulu, dattin kwata, duk suna toshe fuskar fallen, tagulla kuma tana rikita lissafin bismut. Sannan babbar matsalar majemun Challawa da Sharaɗa kuromiyam ce, ƙarfen da ke cikin sinadarin jima, ita kuwa ba ta kamuwa ta hanyar da ake kama dalma, sai an bi da ita ta wata dabara, kuma dole a bambanta nau'inta mai tsananin guba da wanda ake jima da shi. Wallahi wanda ya warware wannan ya yi wa masu lambun latas da alayyafo da ke ban ruwa da irin wannan ruwan aiki, da mu masu ci.

Don haka kafin ka rubuta wa kowane farfesa, je ka ga inda ruwan masana'antun Bompai yake zuba da idonka, ka ɗebi samfur, ka rubuta abin da ka samu. Wasiƙar da ta zo da matsala takamaimai ita ake amsawa.

Maganar kuɗi kuwa, kada ka bari Baba ya sayar da fili. Nemi tallafin karatu na Commonwealth ko na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, haya kaɗai a nan tana cinye mutum. Turo mini takardar ƙudurin bincikenka in duba kafin ka aika. A gaida Umma.