Gajarta ko Taƙaita? Amsoshi Kan Gajeren Adireshin Intanet

Tambaya: Malam, ina neman kamfanin da zai riƙa rage mini tsawon adireshin shafukan da nake tura wa mutane. Wasu na cewa "taƙaita" adireshi, wasu "gajarta". Wanne ne daidai?

Gajarta. Amma bari in ɗan tsaya a nan, don wannan ruɗani ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda ya taƙaita magana, ya matse ta ne ya bar tsokarta. In na ce maka "a taƙaice", abin da zai biyo baya ɗan wancan dogon bayanin ne, kana ji ka san daga inda ya fito. Gajarta kuwa aikinta tsawo kawai, kamar yadda ake gajarta wando ko igiya. To dubi abin da kamfanonin nan ke yi. Ka ba su adireshi mai layi uku, su miƙo maka bit.ly da wasu haruffa da lambobi a hargitse a bayansa. Ina tsokar? Ko ƙamshin adireshin farko babu. Saboda haka ba taƙaitawa ba ce, kuma masu cewa haka, har da wasu da ke riƙe da makirufo, su daure su daina.

In ma za a bi ta da gaskiya, gajartar kanta ba ta cika ba, domin dogon adireshin yana nan daram, ba a taɓa shi ba. Laƙabi aka yi masa. Kamfanin ya rubuta a kundinsa cewa wannan laƙabi na wane ne. Duk wanda ya latsa, wurin kamfanin zai fara sauka, shi kuma ya ce masa "wuce can". Shi ya sa suke iya ƙirga maka mutum nawa suka latsa, daga wace ƙasa, don kowa ta ƙofarsu ya bi. TinyURL ya fara wannan aiki a 2002, Bitly ya biyo a 2008, kasuwar kuma ta buɗe ne lokacin da Twitter ke ba mutum haruffa 140 kacal, dogon adireshi ɗaya ya cinye rabin magana.

Tambaya: "Datse" fa, ko "guntule"?

A'a. Datse adireshi ka gani ko zai buɗe.

Tambaya: Wani ya ce mini in yi hattara da na kyauta, ya kawo "araha ba ta ado". Karin maganar ta dace?

Ta kusa, amma ba ita zan ɗauko ba, domin matsalar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Wadda ta zauna ita ce "kayan aro ba ya rufe katara". Katara dai ita ce wajen ƙugu zuwa cinya (an sha tambayata, abin mamaki), ma'ana abin da ba naka ba ba ya suturta ka yadda ya kamata, kuma ran da mai shi ya ce kawo, ka tsaya tsirara. Laƙabin nan a kundin wani yake. Google, da duk girmansa, ya buɗe nasa shafin gajarta adireshi, goo.gl, a 2009, ya sanar da rufe shi a 2018, sannan a watan Agusta na 2025 ya kashe gajerun adireshin da aka daina latsawa. Wanda ya buga irinsu a littafi ko a jikin allo, sai haƙuri. Har wutsiyar nan ta ".ly" da ke jikin bit.ly aro ce, ta ƙasar Libiya ce, kuma a 2010 hukumar da ke kula da ita ta ƙwace wani adireshi, vb.ly, ta ce ya saɓa wa ƙa'idarta.

Don haka in za ka zaɓa, fara da tambayar shekarun kamfanin, sannan ko zai yarda ka sa sunan yankin (wato sunan da ke farkon adireshi, irin bit.ly) da ka mallaka da kanka a madadin nasa, ko zai bar ka ka sauke jerin adireshinka in za ka tashi, da ko za ka iya sauya inda laƙabin ke kai mutum ba tare da sauya laƙabin ba. Sunan yankin ya fi sauran nauyi a wurina: in naka ne, kamfani ya mutu ka kwashe kayanka ka koma wani.

Tambaya: Mece ce ma'anar "cinikin biri a sama"?

Sayen abin da ido bai gani ba, hannu bai kama ba. Latsa gajeren adireshi daga baƙo shi ke nan, tunda laƙabi ba ya faɗin mai shi, kuma 'yan damfara sun san haka. A na Bitly, ƙara alamar + a ƙarshensa kafin ka buɗe, zai nuna maka inda ya nufa. A sauko da birin tukuna.

Tambaya: Wajen kiran adireshin da ake latsawa, na ga ana rubuta "rariyar liƙau", wasu kuma "mahaɗi". Wanne zan ɗauka?

Na farkon akwai fasaha a ƙirarsa, amma ya yi wa harshe nauyi, musamman a zancen da gaba ɗayansa kan gajartawa ne. Ni "mahaɗi" nake rubutawa, jam'insa "mahaɗai".