Amsa: fentin jibbar Ansar na yaƙin Omdurman

Malam, ka tambaya wane fari za ka shafa wa jibbar ƙananan sojojin roba na Ansar, mabiya Mahdin Sudan, masu tsayin 28mm da ka saya, kuma ko Turawan ja za ka yi musu. To gaskiya kar ka soma da fari tas, zai fito kamar alli. Ka wanke robar da sabulu tukuna, ka fesa firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, ruwan ƙasa mai haske, sannan farin da ya ɗan ja ruwan madara, kamfanin fenti na Vallejo na da shi, ka tsinka shi da ruwa ka shafa sau biyu, ka bar duhun cikin lanƙwasar rigar yadda yake.

Facin jibbar nan ne aikin wallahi. Zamanin Khalifa Abdullahi, magajin Mahdi, an daidaita su, murabba'i ne shuɗi ko ja ko baƙi, don haka ka sa burushi siriri ka ja gefen kowanne a hankali.

Batun Turawa kuwa, a Omdurman 1898 sojojin Kitchener, kwamandan Ingila, kaki suka sa. Jar riga sai in yaƙin Ginnis na 1885 za ka haɗa, don Allah kar ka cakuɗa su a teburin wasa ɗaya.