Masu ciwon gaɓɓai da allurar rigakafin mura: Likita ya amsa tambayoyinku

Hunturu ya kankama a Sakkwato, hazo ya rufe gari, tari da atishawa ko'ina. Yawancin tambayoyin wannan makon daga masu amosanin gaɓɓai suka zo, musamman waɗanda ke shan magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki. Ga wasu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da amosanin gaɓɓai, irin wanda ke kumbura yatsu su sanƙare da safe. Shekara huɗu ke nan ina shan Methotrexate sau ɗaya a mako. Ɗana da ke karatu a Ingila ya matsa mini sai na yi allurar rigakafin mura mai tsanani, wadda ake kira fulu. Maƙwabciyata kuma ta ce tunda maganina yana raunana garkuwa, allurar cutar za ta sa mini. Maganar wa zan ɗauka?
Hajiya Inno, Mabera

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ɗauki maganar ɗanki.

Ita ma maƙwabciyar taki ba daga sama ta tsinto maganarta ba, sai dai ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Rigakafi iri biyu ne. Akwai wanda ake haɗawa da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kamar na shawara da na ƙyanda da ɗigon shan inna. Wannan shi ne abin tsoro ga mai raunin garkuwa, domin ƙwayar tana iya hayayyafa a jikinsa. Akwai kuma wanda aka kashe ƙwayar, ko aka ɗebi wani ɓangare nata kawai. Allurar fulu da ake yi a dantse tana cikin kashi na biyu. Babu abu mai rai a cikinta, don haka ba ta da hanyar da za ta sa miki cutar. Akwai dai wani rigakafin fulu da ake fesawa a hanci, wanda aka fi ba yara a Ingila da Amurka. Shi mai rai ne, ba naki ba ne, ko da wani ya kawo miki shi tsaraba.

Ke ma kin fi maƙwabciyar taki buƙatar wannan allura. Ciwon da ke damunki garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙar gaɓɓanki, shi kuma Methotrexate aikinsa ya kwantar da ita. To idan ta kwanta, ba ta tashi da hanzari in wata cuta ta shigo. Fulu kuwa ba irin murar da muka saba da ita ba ce, ta majina da atishawa kwana uku. Farat ɗaya take sauka da zazzaɓi mai zafi, ciwon jiki, busasshen tari da kasala, kuma ga tsofaffi da masu raunin garkuwa takan gangara ƙirji ta zama nimoniya, wato ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 290,000 zuwa 650,000 ne ke mutuwa duk shekara saboda larurar numfashi da fulu ke jawowa.

Bayan allurar, dantse zai iya yi miki tsami, wataƙila ki ji ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Paracetamol ya isa. Binciken da aka yi a kan masu irin ciwonki bai nuna cewa allurar na tayar da ciwon gaɓɓai ba. Kariyar takan ɗauki kimanin mako biyu kafin ta kafu.

Sai maganar samunta. Ba ta cikin rigakafin da ake yi wa yara kyauta a asibitin sha-ka-tafi, saye ake yi. Ki fara da likitan da ke duba ki, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ko a wani wuri, ya nuna miki inda za ki same ta. Abin da na fi damuwa da shi a garin nan shi ne ajiya. Allurar tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba ta son zafi, ba ta kuma son ƙanƙara. Inda wuta ke ɗaukewa firji ya yini a kashe, allurar ta lalace ko da kwalbar tana nan fes. Kada ki saya ki jefa a jaka ki yi ta yawo da ita cikin rana. A yi miki ita a inda aka ajiye ta, ki kuma sa a duba ranar ƙarewar wa'adinta.

Tambaya: Likita, na ji an ce mai shan Methotrexate sai ya dakatar da shi in zai yi allurar. Ni kuma ina haɗawa da Prednisolone kullum da safe. In aje su duka biyun?
Malam Umaru, Tambuwal

Amsa: A'a Malam, kada ka aje su duka. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Maganar Methotrexate gaskiya ce, amma bayan allurar ake dakatarwa, ba kafinta ba. Wasu likitoci a Koriya ta Kudu sun gwada, sakamakon ya fito a 2018: marasa lafiyar da suka tsallake maganin na mako biyu bayan allurar fulu sun fi samun kariya a kan waɗanda suka ci gaba da sha. A kan haka ne ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta sa wannan shawara a ƙa'idojinta na 2022, da sharaɗin cewa ciwon yana kwance. Ma'ana, idan ranar Litinin kake sha, Litinin biyu za ka tsallake, ta uku ka koma. Idan kuwa gaɓɓan suna kumbure suna zugi, a yi allurar ka ci gaba da maganinka. Kariyar za ta ɗan ragu, amma akwai ta. Wanda ya san yadda gaɓɓanka suke shi ne zai yanke wannan, wato likitanka.

Prednisolone kuwa ko da wasa kada ka tsayar da shi dare ɗaya. Jikin mutum yana da wasu ƙananan halittu a saman ƙoda da ke samar da irin wannan sinadari. Idan aka daɗe ana shan maganin sai su rage aiki, tunda ana kawo musu daga waje. Ranar da ka yanke shi kwatsam, su ba su farfaɗo ba, jini zai iya sauka, amai da jiri su biyo baya, har mutum ya faɗi. A hankali ake rage shi, bisa tsarin likita. Kuma ba ya hana allurar fulu, ko nawa kake sha.

Bari in ɗan ratse. Mutane da yawa suna shan Prednisolone ko Dexamethasone ba su sani ba, a cikin haɗin da ake ƙulla musu a leda a kemis don ciwon gwiwa ko baya. Wasu matan kuma Dexamethasone suke sha don ƙiba. Duk wanda ya yi watanni a kan haka, garkuwarsa ta yi rauni kamar ta Malam Umaru, bambancin kawai shi likita na bin sawunsa. Su Diclofenac da Ibuprofen ba sa taɓa garkuwa, nasu ɓarnar a ciki da ƙoda take.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na biya kujerar Hajjin bana. Ana yi mini allurar Adalimumab duk mako biyu saboda ciwon gaɓɓai. Na san sai an yi wa maniyyata allurai kafin tashi. Wacce zan karɓa, wacce zan ƙi?
Maniyyaci daga Gwadabawa

Amsa: Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, Alhaji. Ka kyauta da ka tambaya tun yanzu, domin wannan ba maganar ranar shiga sansanin alhazai ba ce.

Allurar sanƙarau mai kare iri huɗu, wadda Saudiyya ke wajabta wa kowane alhaji, ba mai rai ba ce. Ka karɓa, aƙalla kwana 10 kafin isa. Ta fulu ma ka yi, hukumomin lafiyar Saudiyya suna ƙarfafa ta ga alhazai, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Mina ya san tarin da ake dawowa da shi. Ka tambayi likitanka har da ta nimoniya. Duk waɗannan ba sa buƙatar ka dakatar da Adalimumab.

Inda za ka tsaya ka yi hattara shi ne allurar shawara, wadda ake ba da katin nan mai ruwan ɗorawa a kanta. Mai rai ce, ba a yi wa mutum ita yana kan irin maganinka mai rage ƙarfin garkuwa. Ka fara bincika kayanka: idan ka taɓa yin ta kuma katin yana nan, tun Yulin 2016 dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sake bayan shekara goma ba. Idan ba ka taɓa yi ba, hanya biyu ce. Ko likitanka ya rubuta maka takardar uzuri ka kai wa jami'an lafiyar alhazai, ko ya tsara dakatar da maganin na wasu makonni kafin allurar da bayanta, in ciwon ya ba da dama. Haka shan inna: akwai na ɗigo a baki mai rai, akwai na allura wanda ba mai rai ba. Na allurar za ka nema.

Ranar da ake layin allurai mutane sun yi yawa, ma'aikaci ba zai tambayi kowa maganin da yake sha ba. Kai za ka faɗa kafin ka naɗe hannun riga, ka kuma riƙe kwalin maganin a hannunka.

Tambaya: Bara na yi allurar, amma da ɗari ya shigo sai da na yi mura. Ashe ba asarar kuɗi na yi ba?
Asma'u, Runjin Sambo

Amsa: Ba ki yi asara ba, Asma'u. Ƙwayoyin da ke kawo mura suna da yawa, allurar kuma fulu kaɗai take karewa. Ƙurar hunturu ita kaɗai ma tana sa majina da kaikayin maƙogwaro. Ko fulu ɗin ce ta kama ki, wanda ya yi allura yakan fi samun ta da sauƙi. Ta bara kuma ba za ta wadatar da ke bana ba: ƙwayar tana sauya kama, shi ya sa ake sabunta haɗin allurar kowace shekara.

Tambaya: Likita, jikokina uku suna hannuna. Masu ɗigon shan inna suna zagayowa gida gida, ni kuma ina shan Methotrexate. Ɗiyata ta ce tunda ɗigon mai rai ne, gara a daina ba yaran don kada su shafa mini. Haka ne?
Inna Hauwa, Minanata

Amsa: Inna, kada a hana yaran. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka jira. Har yanzu ana zagayen ne domin wani nau'in ƙwayar yana ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Yaron da aka hana shi ne ke cikin hatsarin shanyewar ƙafa, kuma ke ma gidan da yaransa ke da rigakafi ya fi miki aminci.

Abin da ɗiyarki ta ji yana da tushe: yaron da aka ɗiga wa yana fitar da ƙwayar a kashinsa na wasu makonni. Maganin wannan tsafta ce. A wannan lokacin wata ta riƙa yi musu tsarki da wankin ƙunzugu, ke kuma ki riƙa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Methotrexate na mako mako a ma'aunin ciwon gaɓɓai raunin da yake kawowa ba mai tsanani ba ne. Da a ce kina kan magunguna masu ƙarfi da yawa a haɗe, da sai in ce ki zauna da likitanki a duba. A tabbatar kuma yaran sun samu allurar shan inna da ake yi a asibiti cikin rigakafin jarirai.

Tambaya: Mahaifina yana shan Methotrexate. Kwana biyu ke nan yana zazzaɓi da tari. Na sayo masa Septrin a kemis amma ban fara ba shi ba. In ba shi, ko in kai shi a yi masa allurar fulu ɗin?
Bashir, Arkilla

Amsa: Bashir, kada ka ba Baba Septrin. Shi da Methotrexate hanya ɗaya suke toshewa a jiki, in suka haɗu suna iya durƙusar da ɓargo ya kasa samar da jini, baki ya yi gyambo, mutum ya shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai. Duk wanda zai rubuta wa Baba magani, a asibiti ko a kemis, a gaya masa yana kan Methotrexate.

Allurar fulu kuma ba magani ba ce, ba a yin ta ana tsakiyar zazzaɓi. Sai ya warke.

Ka kai shi asibiti yau, kada ka jira gobe. A gwada jininsa a ga ko zazzaɓin cizon sauro ne, a duba yawan ƙwayoyin jini, a saurari ƙirjinsa. Idan likita ya zaci fulu ce, akwai maganin Oseltamivir, wanda ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 na farko. Kada ya sha Methotrexate na wannan makon sai likita ya gan shi. In yana shan Prednisolone kuwa ya ci gaba da shi, ka kuma sanar da likitan, domin maganin yana danne zafin jiki har ciwo ya yi nisa ba a lura ba. Idan ka ga numfashinsa na sama sama, ko ya fara ruɗewa, ko ya kasa shan ruwa, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye. Tarin kuma in ya haura mako biyu, a gwada majinarsa don tarin fuka.