Kada ki fasa wayar, ki fara zama kusa da shi

'Yar uwa, sau biyu na karanta tambayarki, don kamar labarin gidana kika ba da. Kin ce yaronki ɗan shekara 13 ba ya ɗaga kai daga gem ɗin wayar nan mai suna Free Fire, in kin karɓe wayar sai kumbure-kumbure da buga ƙofa, kina tambaya ko ya kamu da jarabar gem ne, ko ki fasa ta kowa ya huta. Kada ki fasa. Na yi abin da ya kusa haka, ban ji da daɗi ba.

Nawa yana ɗan shekara 12 lokacin. Wata rana wajen ƙarfe biyun dare na fito shan ruwa, sai na hango haske ta ƙarƙashin bargonsa. Ina yayewa na same shi a duƙunƙune, ido jawur, waya ta yi zafi kamar daga wuta aka ciro ta. Gari na wayewa na kulle ta a durowa, na ce sai bayan jarrabawa. Mako biyu ina ta murna na yi maganinsa, ashe ta abokinsa yake ara. Ribar da na ci ita ce ya koyi yi mini ƙarya, abin da da bai iya ba.

Game da ko ya kamu, yawan awanni kaɗai ba ya nunawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka jarabar gem cikin kundinta na cututtuka, kundin ya fara aiki a 2022. Abu uku suke dubawa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Galibi sai an ga haka na aƙalla wata 12, kuma su da kansu sun ce kaɗan ne cikin masu buga gem abin ke kai wa nan. Don haka ki duba abin da gem ɗin ya ture. Yana samun barci kuwa? Ɗan shekara 13 na buƙatar awa 8 zuwa 10. Makinsa ya faɗi? Ya daina fita ƙwallo, wanka sai an yi faɗa? Kuɗi sun fara ɓata? Fushi kawai ba hujja ba ne, ni ma a fizge mini waya ina tsakiyar hira ai sai an ji bakina.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne ranar da na haɗiye haushina na zauna gefensa na ce ya nuna mini. A nan na gane mutum 50 ake jefawa a tsibiri, su huɗu ne a ƙungiyarsu, kuma babu maɓallin dakatarwa. In na ƙwala masa kira ya ce "Mama, saura kaɗan", ba raini ba ne, in ya tashi ya bar 'yan uwansa uku a hannun abokan gaba, gobe kuma su yi masa tsiya. Ga kyautar da ake ba wanda ya shiga kullum, ga kayan ado da ake saye da kuɗi. Ƙwararru ne suka zauna suka tsara abin don kada a ajiye shi, to ina ga yaro? Ba a banza ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem ɗin intanet zuwa awa uku a mako ba a 2021.

Daga nan muka daina lissafi da minti, muka koma zagaye: ya gama aikin makaranta, ya buga uku, ya ajiye. Ƙarfe tara na dare waya ta kwana a ɗakina. Ya ce tawa fa? Kunya ta sa ni ma na daina kwanciya da ita, kuma wallahi na fi shi shan wahala a makon farko. Na sa Family Link, manhajar da iyaye ke sa ido kan wayar yara da ita, da saninsa, na cire katin banki daga wayar. Mahaifinsa ya mayar da shi filin ƙwallo da yamma, don in kin cire gem ba ki sa komai a gurbinsa ba, can zai koma.

Sai bayan wata biyu, muna cikin hira, ya faɗa mini wasu yara na yi masa ba'a a aji saboda in'inarsa, a cikin gem kuwa shi ne shugaban ƙungiya. Ban yi barci ba daren nan. Ki binciki naki a hankali, sau da yawa akwai abin da yaro ke gudu. In kuma ya kai ga ƙin zuwa makaranta, ko ɗaga wa wani hannu, ko maganar cutar da kansa, ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara ba tare da jira ba.

Nawa har yau yana bugawa, ranar hutu ma yakan zarce, mu ɗan yi cacar baki. Yau da yamma ki ja kujera ki tambayi naki su waye sauran ukun da yake wasa da su.