Amsa Ga Ɗana Da Ke Koyarwa A Yamai Kan Yanke Kuɗin Lesin

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mu nan Sakkwato lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a natse. Ka ce ban da aikin makarantar da ta ɗauke ka a Yamai, iyaye sun fara biyo ka suna son ka riƙa koya wa 'ya'yansu Turanci da marece, har da wasu manya 'yan kasuwa. Ka ce duk wanda ya tambaye ka nawa zai biya sai bakinka ya yi nauyi, ka ce ya kawo abin da ya sawwaƙa, domin gidan malamai ka fito, kuma ba ka taɓa jin kakanka ya yanke wa kowa kuɗin karatu ba. Ga kuma wani Alhaji da ka yi wa 'ya'yansa wata biyu cur, ya sallame ka da yadin shadda da addu'a, alhali kuɗin haya na jiranka. Kana tambaya ko a al'adarmu abin kunya ne malami ya faɗi kuɗinsa, in kuma ba abin kunya ba ne, yaya ake yanke shi.

Gaskiya ka faɗa, kakanka bai taɓa yanke wa kowa kuɗi ba. Amma kai yaro ne a lokacin, zaure ka gani, ba ka ga abin da ke shiga rumbu ba. Kowace Laraba, kafin a tashi hutun Alhamis da Juma'a, kowane yaro zai zo da kuɗin Laraba a hannunsa. Damina ta faɗi, manyan almajirai ne ke nome gonar malam tun daga shuka har girbi. Da kaka iyaye su aiko da dammunan gero, wanda ke da fadama ya aiko da shinkafa. Zakkar kono ta zo gidan, naman layya ya zo gidan. Suna ko ɗaurin aure a unguwa, malam na da nasa goro da nasa kuɗin addu'a. Ranar da yaro ya sauke Alƙur'ani kuwa, ubansa zai yi yanka gwargwadon ƙarfinsa, ya ɗinka wa malam riga, wani ya haɗa da rawani. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma uban da ya yi kunnen uwar shegu da su duk unguwa za ta sani, kuma zai gane kurensa ranar da ya fita nema wa ɗansa aure. Haka wanzami, haka ungozoma, ba su ciniki domin kowa ya san rabonsu tun kafin a yanka ragon suna.

Ka ga ashe akwai farashi. Gari ne ya riƙe wa malam shi, shi ya sa bai buƙaci ya buɗe baki ba. To kai wa zai riƙe maka naka a Yamai? Alhajin nan bai san ubanka ba, ba ya zuwa masallacin unguwarmu, babu idon da yake jin nauyi a kanka. Ba na ma zarginsa da ha'inci. Ka ce masa ya kawo abin da ya sawwaƙa, shi kuwa ya ji maganar irin yadda kowane Musulmi zai ji ta, wato wannan malami don Allah yake yi, sai ya yi maka kyauta irin wadda ake yi wa malamai. Ka ɗauki rabin al'ada ka ƙetare iyaka da ita, ka baro rabin da ke ciyar da malam a nan gida.

Ta fuskar addini kuwa ka kwantar da hankalinka. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ka karanta a gaban kakan naka, a babin ciniki an ce babu laifi malami ya yi jinga a kan koyar da yaro har ya ƙware. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mafi cancantar abin da za a karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah. In an halatta wannan a kan Alƙur'ani, ina ga Turanci, wanda harshe ne na neman abinci? Ka tuna fursunonin Badar, waɗanda ba su da kuɗin fansa aka ce kowane da ya iya rubutu ya koya wa yara 10 na Madina rubutu a sake shi. Koyarwa ta tsaya a matsayin dukiya, kuma an faɗi adadi. Ka duba Suratul Ƙasas, da aka ɗauki Annabi Musa aiki an ce masa shekara 8, in ya cika 10 daga gare shi ne. Abin da malamanmu na fiƙihu suka sharɗanta wa ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ke nan: a san aikin, a san lokacin, a san ladan. Don haka wannan "kawo abin da ya sawwaƙa" da kake ganin ita ce tsoron Allah, ita ce ma ta fi nisa da abin da littafi ya ce, muddin a ranka kana jiran biya. Ladan da ba a sani ba shi ke haifar da ƙunci a zuciyar ma'aikaci, ya fara zuwa a makare, ya fara koyarwa rabi da rabi, uban yara kuma bai san laifin da ya yi ba.

Na san za ka ce ai Shehu Usmanu ya ƙi karɓar dukiya. Ya ƙi, wajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami da sallah ya yi masu kyauta, Shehu ya ƙi tasa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Amma kyautar sarki ya ƙi, don kada a ɗaure masa harshe. An ruwaito mana cewa da tufkar igiya yake ci. Igiyar nan kuwa sayar da ita ake yi da kuɗi sananne. Turancinka ne taka sana'ar, da ita za ka ci, ka tsare mutuncinka daga jiran hannun masu kuɗi.

Yanzu ga yadda za ka yanke. Kada ka fara da lissafin kanka, fara da tambaya. Je ka sami malaman garin da suka daɗe suna bin gidaje suna koyarwa, 'yan ƙasa, ba 'yan Najeriya kaɗai ba, ka gaishe su da ladabi ka tambaye su nawa ake biya a wata, sau nawa a sati, kuma ina bambancin unguwa da unguwa. Abin da ake biya a Filato ba shi ake biya a Bukoki ba. Wannan tambayar ita ce madadin unguwar da ka baro. Kuma in ka ji farashinsu, kada ka karya shi don ka tara ɗalibai da sauri. Baƙo ne kai. In ka shigo gari ka zubar da kasuwar mutanen da ke ciyar da iyalinsu da wannan aikin, za ka sami ɗalibai ka rasa abokai, kuma ranar da wani abu ya taso su ne za su tsaya maka ko su zuba maka ido. Ban da haka araha ba ta ado, uban da ya ji ka fi kowa sauƙi zai ɗauka ka fi kowa rauni. Kai kuwa ka yi karatunka duka da Turanci, ga ka yanzu a ƙasar da ake yin boko da Faransanci, yara ba su fara Turanci sai sun shiga sakandare. Tun da gwamnatin Nijar ta ayyana a 2025 cewa Hausa ce harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki, masu neman abin da ke bakinka ba za su ragu ba. Ka tsaya a farashin gari, ko ka ɗara shi kaɗan in aikinka ya nuna.

Abu na biyu, kuma a nan 'yan'uwanmu da yawa ke faɗawa rami: kada ka riƙa juya sefa zuwa naira a kanka. A farkon 2023 dalar Amurka ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai. Shi ya sa in an miƙo maka jika goma, wato sefa dubu goma, ka juya ta zuwa naira sai ka ga kamar ka yi arziki. Amma ba a Tsohuwar Kasuwar Sakkwato za ka yi cefane ba, a Yamai za ka yi. Haya da sefa, wuta da sefa, tasi da sefa. Ka auna kuɗinka da abin da zai saya a inda kake kwana.

Sannan ka zauna da takarda. A ce, don misali kawai, zuwa gidan da dawowa na cin jika ɗaya, kana zuwa sau uku a sati. A wata ka kashe jika 12 a hanya. In ka amsa jika 15, jika uku ka yi wa aikin wata guda, ban da lokacin da ka ɓata kana shirya darasi da duba rubutun yara, ban da takardun da ka buga da kuɗinka. Don haka wanda zai zo wurinka da wanda za ka je wurinsa ba kuɗinsu ɗaya ba, balle wanda sai ka haye gada zuwa Harobanda. Yara uku 'yan gida ɗaya a zama ɗaya, ka yi wa uban sassauci a kan kowane kai, amma kada ukun su tashi a kuɗin ɗaya. Ɗan kasuwar da ke son Turancin da zai yi ciniki da shi a Legas ko Dubai, wannan jari yake zubawa, ka yanke masa kuɗin manya, ya saba da ciniki kuma ba zai ga baƙinka ba. Mai shirin jarrabawar BEPC ko Bak, wato ta gama ƙaramar sakandare ko babba, aikinsa ya fi nauyi a watannin ƙarshe, ka faɗa tun farko. Amma kada ka kuskura ka ɗaura ladanka a kan sai yaro ya ci jarrabawa, domin ba kai za ka zauna masa ba.

Ni na fi son ka yanke na wata, a biya a farkon wata. Ka dai sani kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da kai ka fasa zuwa, bashi ne a kanka, ka rama. Ranar da su suka fasa ba su sanar da kai ba, ta wuce. Ku yi maganar azumi da hutun sallah da dogon hutun damina tun yanzu, ko za a tsaya ko za a canja lokaci, domin a nan rigima ke ɓuya. In kun gama magana ka tura masa ita a rubuce ta waya, layi huɗu sun isa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. Ka duba takardar da ka sa wa hannu da makarantarka, ko ta yarda ka yi lesin a waje. In ba a ambata ba, ka je ka shaida wa shugaban makarantar da bakinka kafin ya ji a bakin wani. Kuma yaran da kai ne ke ba su maki a aji, kada ka karɓi kuɗin lesin daga iyayensu. Na yi shekaru ina koyarwa, na ga yadda wannan ke cinye malami a hankali. Hannunka zai yi nauyi ranar duba takarda, sauran yara kuma za su gane, ko da ka yi adalci. Inda ɗalibar budurwa ce ko matar aure, a yi karatu a fili, da wani na gidan a kusa.

Kada kuma ka fahimce ni cewa ka rufe ƙofar alheri. Mutumin da ka ce ya sauke ka a gidansa farkon zuwanka, ya ciyar da kai kafin albashi ya fara shigowa, wannan ko ya miƙo kada ka karɓa. Mai masauki uba ne, kuma abin da ya yi maka ba ya biyuwa. Ka ware wa 'ya'yansa rana biyu a sati, ka gaya masa kai tsaye cewa wannan naka ne gare shi. In ka ga maraya mai ƙwazo, ko ɗan mai gadi da ke leƙe ta taga lokacin da kake koya wa 'ya'yan mai gida, ka jawo shi ka zaunar. Amma kai za ka zaɓi wanda za ka yi wa sadaka, da saninka da niyyarka, ka kuma san iyakar adadin da za ka iya ɗauka. Wadda aka ƙwata daga hannunka don kunya ta hana ka magana, ka wuni kana ƙunar rai a kanta, ina jin tsoron ka rasa kuɗin ka kuma rasa ladan. 'Yan gida Najeriya da za su zo da "ai kai namu ne", ka rage masu abin da ranka ya yarda, ka faɗi adadin a fili.

Saura Alhaji. Wata biyun da suka wuce ka bar su, kada ka tayar, tunda ba ku yi da shi ba. Shaddar ka ɗinka, ka sa ta ranar da za ka je wurinsa. Kada ka yi maganar a gaban yara ko a tsaye bakin ƙofa, ka nemi ya ba ka lokaci ku zauna. Bayan gaisuwa ka yi godiyar shadda, ka gaya masa inda kowane yaro ya kai da inda yake da rauni, domin ya ga aikin da idonsa. Sannan ka ce: "Alhaji, ina son in ci gaba da yaran nan yadda ya kamata. Daga farkon wata mai kamawa, zuwa uku a sati, sa'a ɗaya da rabi, kaza ne a wata." Ka faɗi adadin sau ɗaya, ka yi shiru, kada ka bi shi da ban haƙuri. In ya taya ƙasa kaɗan kuma kana iyawa, ka sallama. In ya yi ƙasa sosai, ka ce masa a wannan kuɗin zuwa biyu za ka iya a sati, ka rage aikin maimakon ka karya farashin. In kuma ya ce ba zai iya ba, ku rabu da fara'a, ka ci gaba da gaishe shi a masallaci.

In kun yi magana ka sanar da ni yadda kuka ƙare. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka gaida mai ɗakinka da yara.

Wassalam,
Baffanka.