Ku Tambaya Mu Amsa: Hasken Fitila Ne Ko Hasken Fata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, babbar cikinsu tana da shekara 19. Allah ya yi ta baƙa kamar mahaifinta, amma tun bara na lura fuskarta tana ƙara haske, alhali gaɓoɓin yatsunta suna nan baƙi ƙirin. Da na matsa mata, sai ta fito mini da wani haɗin mai a cikin roba marar suna, wanda take saye a hannun wata mai gyaran jiki. Hujjarta ita ce duk jarumar da ake ji da ita a fim fara ce, har ta ce ta ji wai kyamara ba ta karɓar baƙar fata. Shin gaskiya ne? Kuma yaya zan yi in raba ta da wannan mai?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Zan fara da maganar kyamara, domin abin da yarinyar ta ji yana da tushe, sai dai an ba ta labarin a karkace. A zamanin da ake ɗaukar hoto da fim ɗin da ake wankewa, kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, kuma tun daga shekarun 1950 da launin fatar wannan mata ake daidaita injinan wanki. Saboda haka idan aka ɗauki baƙin mutum, sai fuskarsa ta dushe, a bar shi da fararen idanu da haƙora. Abin takaici, daga cikin waɗanda kokensu ya sa aka gyara lamarin har da masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda suka ga hoton talla ba ya bambanta launukan hajarsu. Ashe aibin yana ga ma'aunin da aka ɗora na'urar a kai, fatar kuwa lafiyarta ƙalau. Kyamarorin yau suna fitar da baƙar fata da sheƙinta, muddin mai haske ya san aikinsa kuma an ba shi lokacin saita fitilu. Inda matsalar take shi ne wurin ɗaukar da ake gaggawa, fitilu biyu ko uku, janareto yana cin mai, furodusa yana duban agogo. A irin wannan yanayi ya fi sauƙi a nemo wadda fuskarta za ta fito ba tare da wahala ba, daga baya a jingina wa kyamara laifin.

Sannan ya kamata 'yarki ta san hannu nawa fuska take bi kafin ta iso allon wayarta. Mai kwalliya ta shafe lokaci tana jera hoda kala-kala, mai haske ya haska ta daga inda zai ɓoye tabo, mai tace fim ya zauna gaban kwamfuta ya ɗaga launi, sannan hoton da jarumar za ta ɗora a Instagram ko TikTok shi ma sai ya bi ta manhajar da ke share ƙuraje da siranta hanci. Yarinya kuma ta tashi daga barci ta dubi madubi, ta gwada fuskarta da aikin mutum huɗu ko biyar.

Ba zan ɗora wa 'yan fim dukkan laifin ba, domin kirarin “farar mace alkyabbar mata” ya girmi Kannywood nesa ba kusa ba, kuma ba a fim aka fara jin samari suna cewa in dai fara ce ko mayya ce suna so ba. Amma ma'aunin kyau na iyayenmu yana da faɗi: ana yabon wankan tarwaɗa, ana yabon baƙa mai sheƙi, ana yabon wushirya da dara-daran idanu da dogon wuya da iya tafiya. Abin da allo ya yi shi ne ya ƙuntata wannan ma'auni har ya kusa komawa abu guda. Finafinan Indiya sun shigo gidajen silima na Arewa tun shekarun 1950 ta hannun 'yan kasuwa Kwarori, kuma lokacin da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama daga 1990, ya ɗauko rawa da waƙa daga can, ya haɗo da siffar jarumar da ake rera wa waƙar. Su kansu Indiyawan suna fama da wannan ciwo. Man ƙara haske mai suna Fair & Lovely ya fito a ƙasarsu a 1975, ya shafe shekaru yana tallar cewa haske shi ne mabuɗin aure da aiki, har Shah Rukh Khan ya taɓa yi wa wani kamfani tallar irinsa na maza. Sai a 2014 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar ta hana nuna mai duhun fata a matsayin wanda ya gaza, kuma a 2020 suka ya yi yawa har aka sauya wa man suna zuwa Glow & Lovely. Mu a nan, duk mai kallo da idon basira ya san yadda ake yawan raba matsayi: 'yar Alhaji da ake rububi a kanta fara ce, 'yar aiki ko 'yar ƙauye ko mai ban dariya kuwa ita ce baƙa. Ba a taɓa faɗa da baki ba, amma yarinyar da ta taso tana ganin haka kullum ta gama ɗaukar darasin.

Yanzu ga abin da ya fi gaggawa, wato robar nan marar suna. Irin waɗannan haɗe-haɗe galibi ba sa rasa ɗaya daga abubuwa uku. Akwai haidurokwinon, wanda ke hana fata samar da melanin, sinadarin da ke ba ta launi kuma yake kare ta daga zafin rana. Idan aka daɗe ana shafa shi, yakan juye ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ke da wuyar magani. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda asalinsu na cutar fata ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci; su ne ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, su kawo nankarwa da ƙuraje da makero, su sa rauni ya ƙi warkewa da wuri, kuma idan jiki ya tsotse su da yawa suna iya jawo hawan jini da ciwon suga. Na uku shi ne zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma tana iya isa ga jariri a ciki ko ta nono. Saboda haka ne Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta hana masu haidurokwinon a 2016, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Za ki riƙa jin ana cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafe-shafe. Adadin ya yaɗu ne daga wani bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011, amma asalinsa bincike ne a kan 'yan kasuwa a Legas, don haka kada 'yarki ta ɗauke shi hujjar cewa kowa ma yana yi.

Shawarata ita ce kada ki fizge robar ki jefar cikin fushi. Idan akwai sitiroyid a ciki, dainawa rana ɗaya takan sa fuska ta yi ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje, sai yarinya ta tsorata ta koma wa man a ɓoye. Ki ɗauke ta tare da robar ku je wurin likitan fata a asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa, shi zai tsara yadda za a janye ta a hankali. Ki gaya mata tun yanzu cewa fatar za ta yi duhu fiye da da na wasu watanni kafin ta daidaita, kuma dole ta guji tsakar rana a wannan lokaci. Kina iya ba ta labarin Lupita Nyong'o, 'yar Kenya da ta ci kyautar Oscar a 2014, wadda ta faɗa a bainar jama'a cewa tana ƙarama takan kwanta tana roƙon Allah ta wayi gari da ɗan haske, har sai da ta ga Alek Wek, baƙa wuluk 'yar Sudan ta Kudu, ana yabon kyanta a duniya. Daga nan kuma, Hajiya, ki saurari cikin gidanki da kyau. Idan akwai gwaggo ko yaya da ke tsokanarta da “baƙar tukunya”, ko ana yabon ƙanwarta da haske a gabanta, to wannan ya fi fim kusa da kunnenta.

TAMBAYA: Ni budurwa ce 'yar shekara 22, siririya ce tun ina ƙarama. Ƙawayena suna cewa ba ni da diri irin na matan da ke fitowa a finafinai masu dogon zango, sun ce in sha “sha ka fashe”. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a finafinan Turawa sirara ake yabo. Wanne ne daidai?
Daga wata mai karatu, Maraɗi.

AMSA: Ƙanwata, tambayarki ta riga ta ɗauko rabin amsarta, tunda jiki ɗaya ne ake yabo a wani allo ake kushewa a wani. Akwai abin da ya faru a tsibirin Fiji da ya dace ki sani. Mutanen can sun daɗe suna ganin cikar jiki ita ce kyau da alamar kulawar dangi, kamar dai yadda ake yi wa amarya a wurinmu. A 1995 talabijin ya isa yankin Nadroga da shirye-shiryen Amurka da Ostireliya, kuma wata likita daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta bibiyi 'yan matan makaranta a wurin. A shekarar farko babu ko ɗaya da ta ce tana tilasta wa kanta amai don ta rame, amma zuwa 1998 kusan kashi 11 cikin 100 suna yin haka, kuma kusan kashi 74 suna ganin sun yi ƙiba da yawa. Shekara uku kacal allo ya ɗauka ya juya abin da kakanni suka gada.

Game da ƙwayoyin “sha ka fashe” kuwa, abin da ake sayarwa da wannan suna yawanci deksametason ne, wato wani maganin sitiroyid, wani lokaci a haɗa shi da maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci. Ƙibar da yake kawowa ruwa ne da kitse da ke taruwa a fuska da ciki da doron wuya, ƙafafu da hannaye kuwa su ƙara sirancewa, ga raunin ƙashi da gyambon ciki da rikicewar al'ada. Wadda ta daɗe tana sha kuma ba a yarda ta daina kwatsam ba, domin jiki ya riga ya rage samar da nasa sinadarin, sai da kulawar likita. Idan ramarki ta gado ce, kina cin abinci, kina da ƙarfi, al'adarki tana zuwa daidai, babu abin da ke buƙatar gyara. Idan kuwa kwanan nan kika fara zubewa, ko akwai tari ko yawan gajiya ko yawan ƙishirwa, to gwajin asibiti ya kamace ki tun kafin a yi zancen diri. Ki kuma sani cewa wani abin da kike gani a jikin jarumai ɗinki ne da ciko da aka sa a ƙarƙashin kaya.

TAMBAYA: Me zai hana Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da duk jarumar da aka ga tana bilicin?
Daga wani malamin makaranta, Zangon Kumasi.

AMSA: Malam, na fahimci kishinka, amma ban goyi bayan wannan ba. Hukumar, wadda aka kafa a 2001, tana da ikon duba abin da ke cikin fim da ba wa masu sana'ar lasisi, sai dai ban ga ma'aunin da za ta auna fatar mutum da shi ba, ga kuma waɗanda Allah ya halitta farare da za a zalunta da zargi. Jarumar ma ita ce mafi rauni a cikin wannan ciniki, domin wani ne ya zaɓe ta, kuma wani ne ya mayar da baƙar da ta zo neman matsayin tare da ita. Abin da ake iya kamawa da hannu shi ne talla: jarumin ko jarumar da ke tallata haɗin mai ko maganin ƙiba marar rajistar NAFDAC ga dubban mabiya, a nan hukuma da ƙungiyoyin 'yan fim suna da abin cewa, tunda ga bidiyon, ga robar, ga kuma lambar wayar mai sayarwa a rubuce a ƙasansa.