Tambarin iyali a gilasan tagogin Suwizalan

Malam, ka tambayi abin da ya haɗa tambarin iyali da hoton addini a gilasan tagogin Suwizalan na ƙarni na 16 da 17. Ai kyauta ce. Wanda ya gina gida ko coci yakan roƙi hukumar gari ko abokai su biya masa taga, mai bayarwa kuma ya sa tambarinsa, sau da yawa haɗe da na matarsa, da shekarar.

Abin da ya fi burge ni, ko bayan an kwashe gumaka daga cococin birnin Zurik a 1524, zamanin Zwingli, jagoran Furotesta na garin, al'adar ba ta mutu ba. Furotesta suka karkata ga labaran Littafi Mai Tsarki, Katolika suka riƙe Maryamu da waliyyai. Tsohon gidan sufayen garin Wettingen na da irin waɗannan gilasan jingim.